AMSAR WASIƘUNKU: Idan Kotu Ta Ɗaure Uwa Kan Mutuwar Jaririnta, Magana Ta Ƙare Ke Nan?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin maganar da ke cikinta tana da nauyi, kuma lokaci yana ƙure wa mai ita.

Wasiƙar ta fito ne daga wani bawan Allah, manomi, wanda ya roƙi a sakaya sunansa da na ƙauyensu. Ya ce ƙanwarsa ta haifi ɗa namiji, yana wata uku aka wayi gari ya rasu. Bayan shekara biyu ta sake haihuwa, wannan ma yana wata huɗu aka tashi da asuba aka tarar babu rai. Dangin miji suka ce ita ce, aka kai magana wurin 'yan sanda. Likita ya duba gawa ya rubuta cewa numfashin yaron ne aka toshe. Ita kuma ta dangwala yatsa a wata takarda da aka rubuta da Turanci. Babbar Kotu ta ɗaure ta shekara 14, yau wata biyu ke nan. Ya ce: "Malam, mutane sun ce mini tunda likita ya yi magana, alƙali kuma ya buga guduma, sai dai haƙuri. Shin haka ne?"

To, Malam, da farko Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba ku haƙuri. Amsar tambayarka a gajarce ita ce: a'a, magana ba ta ƙare ba. Amma ka saurara da kyau. Doka ta ba wanda Babbar Kotu ta yanke wa hukuncin laifi kwana 90 ya ɗaukaka ƙara. Ka ce wata biyu sun wuce. Ka ga saura kamar kwana 30, in ma wasiƙarka ba ta daɗe a hanya ba. Saboda haka duk abin da kake yi, ajiye shi, ko da girbi ne. Idan kwanakin suka cika, lauya zai iya roƙon kotu ta ƙara lokaci, amma sai an kawo dalili mai ƙarfi, kuma wannan wata wahala ce da tsada da gara a guje mata.

Ni dai asalina malamin makaranta ne, alli na riƙe kafin in zo gaban wannan makirfo. Don haka zan bi maganar dalla-dalla kamar a aji, sauran kuma aikin lauya ne.

Kotunanmu hawa-hawa ne. Daga Babbar Kotun jiha sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda take da reshe a nan cikin garin Kaduna, inda alƙalai uku ke zama su duba aikin alƙali ɗaya. Daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja. Tsarin mulkinmu na 1999, sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar. Dokar Shaida ta 2011 kuma ta ce tabbatarwar nan sai ta kai inda babu sauran shakka mai ma'ana. Wato nauyin yana kan gwamnati. Ƙanwarka ba dole ba ne ta faɗi abin da ya kashe ɗanta. Masu ƙara su ne za su nuna cewa kashe shi aka yi, kuma ita ce ta yi. Shi kuwa likita, a gaban kotu shaida ne. Ana jin ra'ayinsa saboda iliminsa, amma ana iya yi masa tambayoyi, ana iya kawo wani likitan ya saɓa masa, kuma alƙali ne zai auna.

Bari in kawo maka abin da ya faru a nan gida, don ka ga yadda shaidar likita take idan ta cika. A watan Nuwamba na 2008 aka fara kai ƙananan yara asibiti a Legas da kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Zazzaɓi, amai, gudawa, daga nan sai fitsari ya ɗauke ɗif, ƙoda ta daina aiki. Da likitoci suka bi diddigi, sai suka ga yawancin yaran an ba su wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin. Hukumar NAFDAC ta kai maganin ɗakin gwaji, aka tarar da wani sinadari mai guba a ciki, irin wanda ake sa wa a man birki. Zuwa watan Fabrairu na 2009 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ce yara 84 sun rasu. A watan Mayu na 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. Suka ɗaukaka ƙara. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake duba takardun, ta soke laifin haɗa baki, amma ta bar hukuncin sayar da magani mai haɗari yana nan daram.

Abu biyu nake so ka ɗauka daga wannan labari. Na farko, kotun sama tana tankaɗe hukunci kamar yadda ake tankaɗe gari: abin da ke da hujja ya tsaya, wanda ba shi da ita ya faɗi. Na biyu, ka tsaya ka yi tunani: uwar da ta ɗura wa ɗanta wannan magani da hannunta, don tausayi, da ba a gwada kwalbar ba, me dangin miji za su ce? Ashe kwalba ɗaya da aka ajiye ta isa ta wanke uwa.

Haka kuma a 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara suka riƙa mutuwa bayan farfaɗiya da amai. Gida ɗaya a binne biyu, a binne uku. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka gwada jini, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. Babu maita a ciki, babu hannun kishiya. Ƙurar tsakar gida ce.

Yanzu mu leƙa Ingila, inda aka yi shari'ar da ta yi kama da ta ƙanwarka ƙwarai. Wata mata mai suna Sally Clark, ita kanta lauya ce. Ɗanta na fari ya rasu a watan Disamba na 1996 yana da mako 11. Na biyu ya rasu a watan Janairu na 1998 yana da mako takwas. Aka gurfanar da ita. Wani babban likitan yara, Farfesa Roy Meadow, ya shaida wa kotu cewa a gida irin nasu, yiwuwar jarirai biyu su mutu haka kawai cikin barci ɗaya ce cikin miliyan 73. A watan Nuwamba na 1999 aka yi mata ɗaurin rai da rai. Ta ɗaukaka ƙara a 2000, aka kori ƙarar.

To ina aka samo wannan miliyan 73? Nan ne malamin lissafi zai yi magana. An ce a gida irin nasu, jariri ɗaya cikin 8,543 ke irin wannan mutuwa. Sai aka ɗauki 8,543 aka ninka da 8,543, aka sami kusan miliyan 73. Irin wannan ninki yana aiki ne kawai idan mutuwar farko ba ta da wata alaƙa da ta biyu. Kai manomi ne, ka fi ni sani. Idan ka shuka gona biyu da iri daga rumbu ɗaya, ta farko ta ƙi tsira, shin za ka yi mamaki idan ta biyu ma ta ƙi? Ai iri ɗaya ne. Yara biyu 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, jini ɗaya, ɗaki ɗaya, rijiya ɗaya, abin da ya taɓa na farko yana iya jiran na biyu.

Ga misali daga cikinmu. Ciwon sikila, wanda wasu ke kira amosanin jini, yana samun kamar jarirai biyu cikin ɗari a ƙasar nan. Amma idan miji da mata duka suna ɗauke da ƙwayar gadonsa, wato kowannensu AS ne, to kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu. A wannan gida, yiwuwar 'ya'ya biyu a jere su zo da shi ɗaya ce cikin 16. Ka ga lissafin gari daban, lissafin gida daban.

Akwai kuskure na biyu. Ko da a ce mutuwar yara biyu a gida ɗaya abu ne mai wuya, ai uwa ta kashe 'ya'yanta biyu ma abu ne mai wuyar gaske. Sai a ɗora su biyun a kan sikeli, ba a auna ɗaya a manta da ɗaya ba. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Ingila ta fito fili a watan Oktoba na 2001 ta ce wancan adadi ba shi da tushe.

Amma abin da ya buɗe ƙofar gidan yari takarda ce. Mijinta da masu taimaka masa ba su gaji da nema ba, har aka tono sakamakon wani gwaji da aka yi wa gawar yaro na biyu, wanda ya nuna ƙwayar cuta a sassan jikinsa, har cikin ruwan laka. Likitan da ya binciki gawar ya san da wannan sakamako, amma bai kai shi gaban kotu ba. A watan Janairu na 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, aka sake ta bayan ta yi fiye da shekara uku a ɗaure. Sai dai, jama'a, ba ta ƙara komawa daidai ba. Ta rasu a watan Maris na 2007 tana da shekara 42.

A watan Disamba na 2003 aka saki wata matar, Angela Cannings, wadda ta rasa jarirai uku, aka ɗaure ta a 2002 kan biyu daga cikinsu. An gano cewa a dangin mahaifinta ma an taɓa rasa jarirai ta irin wannan hanya. Alƙalan suka kafa wata ƙa'ida: idan shari'a ta rataya kusan gaba ɗaya a kan saɓanin manyan likitoci, babu wata hujja daga waje, to ɗaure mutum a kai akwai haɗari. Bayan wannan, Babban Lauyan Gwamnatin Ingila na lokacin, Lord Goldsmith, ya sa aka sake duba shari'u 297 na iyayen da aka ɗaure kan mutuwar ƙananan 'ya'yansu. A ƙarshen 2004 aka ce 28 daga ciki akwai abin dubawa. Ka lura, 28 ne cikin 297. Sauran hukuncin an ga yana da hujja.

A ƙasar Ostareliya kuma, Kathleen Folbigg ta rasa 'ya'ya huɗu tsakanin 1989 da 1999, aka ɗaure ta a 2003. Shekaru suka tafi, ilimi ya ƙaru, masana suka gano cewa 'ya'yanta mata biyu sun gaji wata matsala a ƙwayar halitta mai iya tsayar da bugun zuciya. An yi mata afuwa a watan Yuni na 2023, kotu ta soke hukuncin a watan Disamba na wannan shekara. Shekara 20 ta yi a ɗaure.

Mu Hausawa mun daɗe da sanin cewa akwai gidan da 'ya'ya ba sa tsayawa. Muna da kalmar wabi. Muna da sunaye irin su Ajuji da Ayashe, da iyaye ke sa wa yaro bayan sun binne na gabansa. Kakanninmu ba su san ƙwayar halitta ba, amma sun ga abin da idonsu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin jarirai dubu da aka haifa a Nijeriya, 67 ba sa cika shekara ɗaya, 132 kuma ba sa kai shekara biyar. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon haƙarƙari, gudawa, sanƙarau, tamowa, duk suna nan. A wurin da mutuwar jarirai take da yawa haka, uwa ta rasa biyu a jere, wannan kaɗai ba ya nuna laifi.

Kada wani ya ce na ce ba a kashe jarirai. Ana yi, kuma wanda ya yi ya cancanci hukunci, domin shi ma jaririn yana da haƙƙi. Ni ban ga takardun shari'ar ƙanwarka ba, don haka ba zan ce ta yi ko ba ta yi ba. Abin da nake cewa shi ne, likitocin gawa da kansu sun yarda cewa sau da yawa binciken gawa kaɗai ba ya iya bambance jaririn da ya mutu cikin barci haka kawai da wanda aka toshe wa numfashi da abu mai laushi. Akwai kuma uwar da gajiya ta kwashe ta, ta danne ɗanta cikin barci ba ta sani ba. Wannan tsautsayi ne, kuma doka ta san bambancin tsautsayi da ganganci. Har ma macen da aka tabbatar ta yi, idan hankalinta ya gushe saboda haihuwa ko shayarwa, kuma yaron bai cika shekara ba, dokar laifuffuka ta Arewa ta sassauta mata.

To, Malam, ga abin da za ka yi. Gobe da safe ka shigo Kaduna ka nemi ofishin Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda gwamnatin tarayya ta kafa tun 1976 domin talakan da ba shi da kuɗin lauya. Akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Ka faɗa musu ranar da aka yanke hukunci, domin su ƙirga kwanakin da kansu. Takardar ɗaukaka ƙara ana shigar da ita ne a ofishin rajistaran kotun da ta yanke hukuncin. Ka nemi kwafin hukuncin, haƙƙin ƙanwarka ne, tsarin mulki ya ce a ba ta cikin kwana bakwai da gama shari'a.

Sa'an nan ka roƙi lauyan ya duba waɗannan abubuwa. Shin likitan da ya duba gawar ƙwararre ne a binciken gawa? Ya buɗe ta ne, ko kallon waje ya yi? An ɗebi jini ko wani abu an kai ɗakin gwaji, kuma ina sakamakon? Ya zo kotu an yi masa tambayoyi, ko takardarsa kawai aka karanta? Ita kuma takardar da ƙanwarka ta dangwala wa yatsa, wa ya rubuta, wa ya fassara mata da Hausa, an kira shi ya ba da shaida? Da son ranta ta yi, ko tsorata ta aka yi? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana iya zama ƙofa.

Kai kuma naka aikin a gida yake. Ka tattara katin awo, katin rigakafi, takardun asibiti na yaran biyu, da duk wata kwalbar magani ko ƙullin sassaƙe da aka ba su. Ka zauna da tsofaffin gidanku da na gidan mijin, ka tambaye su cikin ladabi ko an taɓa yin wabi a dangi, ko wani ya taɓa faɗuwa ya mutu yana ƙuruciya, musamman idan auren zumunci ne. A roƙi a gwada jinin ƙanwarka da na mijinta. Kotun Ɗaukaka Ƙara tana iya karɓar sabuwar shaida, amma ba ta yin haka da sauƙi: sai an nuna cewa shaidar tana da nauyi, kuma ba a iya samunta ba a lokacin shari'ar farko. Kada ka ba kowa kuɗi don ya "ga alƙali". Asara ce, kuma laifi ne.

Ka kuma sani cewa Ingila tana da hukuma ta musamman, tun 1997, mai sake duba hukuncin da ake zargin an yi kuskure ko bayan an kori ƙara, kuma ita ce ta mayar da shari'ar Sally Clark kotu. Mu a nan ba mu da irinta. Idan Kotun Ƙoli ta yi magana, abin da ya rage shi ne roƙon afuwa daga gwamna. Wannan ya sa ɗaukaka ƙarar nan ta farko take da tsada a gare ku. A yi ta da kyau, a yi ta a kan lokaci.

Sauran jama'a kuma, ga tawa shawarar. Idan jariri ya rasu farat ɗaya, kada a yi gaggawar nuna yatsa. Baƙin ciki yana sa baki ya faɗi abin da ba zai iya mayarwa ba. Kada a zubar da maganin da aka ba shi. Idan akwai zargi na gaske, a bari likita ya yi cikakken bincike kafin a yi sutura. Na san abin yana mana nauyi, mun saba da gaggauta jana'iza, amma jinkirin yini ɗaya yana iya ceton uwa daga ɗaurin shekaru, ko ya tona mai laifi, ko ya tsare yaron da za a haifa nan gaba. Wanda 'yan sanda suka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya, kuma kada ya sa hannu ko yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Iyaye mata, a kwantar da jariri rigingine, a kan shimfiɗa marar laushi sosai, a nisanta shi da filo da hayaƙi. Matasa kuma a yi gwajin jini kafin a sa rana.

Daga ƙarshe, Malam, ka riƙa ziyartar ƙanwarka. Ta rasa 'ya'ya biyu, ta rasa ɗakinta, kada ta rasa ɗan'uwa. Ka sake rubuto mana ka gaya mana inda aka kwana.

A nan za mu dakata. Mai wata tambaya ya aiko da wasiƙarsa kamar yadda aka saba, ya rubuta sunansa da garinsu sosai, in kuma yana so a sakaya, ya faɗa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.